Kaskon da Inna Kulu Ta Hora

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Agusta, 2007, da hantsi, ina tsakar gida ina tsintar shinkafar da zan jiƙa, sai na ji sallamar Mansura, autar Inna Kulu. Yarinyar da ta saba faɗo mini gida kamar ɗakin uwarta, ran nan a bakin ƙofa ta tsaya. Ta ce, "Maman Sabina, Inna ta cika." Na ajiye faifan, ban san a kan me na ajiye shi ba, sai da kaji suka taru. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, wanda dukanmu muka ɗauka irin na damina ne da ke, Inna Kulu, kika saba tashi daga shi kina yi wa mutane faɗa. Kafin la'asar an kai ki makwancinki. Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, haka kuke faɗa, mu ma haka muka yarda.

Ni ce Jemima, matar marigayi Abel mai walda, mutuniyar Zonkwa, Kirista, maƙwabciyarki ta bayan katanga a ƙauyenmu na bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure. A gidan makoki na zauna cikin mata ina jin kowa na faɗin alherinki: wannan kin karɓi haihuwarta, waccan kin sasanta ta da mijinta, wata kin ba ta irin albasa shekarar da nata ya ruɓe. Na buɗe baki in faɗi nawa, kuka ya hana ni. Shi ya sa na zauna na rubuta, don nawa ba ya faɗuwa a taƙaice.

Abel ya rasu a farkon 2001, ya bar ni da 'ya'ya uku da tarkacen ƙarafa a bayan ɗaki. Shekarunsa na ƙarshe duk a gyaran injin ban-ruwa da ƙofofin kanal ya yi su, manoma sun san shi, sun kuma yi mana zaman makoki kamar nasu. Amma makoki yana ƙarewa, ciki kuwa kullum sai ya tambaya. Na fara dafa shinkafa da wake ina kaiwa bakin gada, inda 'yan ƙwadago ke wucewa zuwa fadamun shinkafa da tumatir. A gaishe ni da kyau, a tambayi yara, a wuce. 'Yan uwana masu zuwa coci ne kawai ke saye, su kuwa nawa suke? Da yamma in dawo da tukunya kusan yadda na fita da ita. Ba wanda ya taɓa faɗa mini baƙar magana, amma na san dalili, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai. Dangina suka fara aiko saƙo in tattara yara in koma gida. Ni kuwa a nan na haifi 'ya'yana, a nan kabarin mijina yake, ban san wani gida ba.

Ke ce kika faɗa mini abin a fili, don ke ba ki iya kewaye-kewaye ba. Kin leƙo ta katanga kin gan ni ina juye abinci a kwanon yara, kika ce, "Maman Sabina, daina kukan banza. Ba ke suke gudu ba, tukunyarki suke gudu, ba su san abin da ta taɓa dafawa ba. Sai mu nemo abin da bai taɓa dafa komai ba, mu hore shi a kan idonsu." Sai kika nuna wani faifan ƙarfe da ke jingine a bayan ɗaki, shimfiɗaɗɗe, mai kauri, wanda Abel ya saya a wurin 'yan gwangwan yana ɗora aiki a kai. Tsatsa ta ci shi ja wur. Na ce, "Inna, wannan ai bola ce." Kika ce, "Ke ce dai ba ki da ido. Wannan kaskon sinasir ne, bai dai sani ba tukuna."

A ƙuruciyarki kin yi sana'ar sinasir, a wurin wata Babarbariya kika koya, har ciwon gwiwa ya sa kika koma sayar da daddawa da kuka a zaune. Garin shinkafa ne namu, kika ce, abin kunya ne a ce ba mai sinasir a bakin gada. Kika sa aka cicciɓi ƙarfen nan aka kai gindin darbejiyar ƙofar gidanki, inda duk mai zuwa gona sai ya bi. Na ce me ya sa ba za mu yi a cikin gida ba? Kika harare ni kika ce, "A cikin gida wa zai gani?"

A nan muka durƙusa muka goge shi da dutse da yashi har farin ƙarfe ya fito. Muka wanke, kika sa aka ɗora shi a murhu nan take, don ƙarfe in ya sha ruwa ba a barin iska ta busar da shi. Da ya yi zafi kika tsoma tsumma a man gyaɗa, kika matse shi kamar mai rowa, kika shafa. Na ɗauko kwalba zan ƙara, kika buge mini hannu. Mai in ya yi yawa danƙo yake yi, kika ce, shafa ake yi kamar ana shafa wa jariri. Muka zauna muna kallo yana hayaƙi har hayaƙin ya ɗauke, ya huce, a sake shafawa, a sake ƙonawa. Da ɓuntun shinkafa muke wutar, don ba ya gaggawa. Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki, ƙarfen ya tashi daga fari ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya yi baƙi. A ƙarshe kika yanka albasa mai yawa kika soya a kai har ta ƙone, don ta janye warin ƙarfe.

Duk wanda ya wuce kuwa sai kin tsayar da shi. "Malam Sammani, zo ka gani, man gyaɗar gidanka ne wannan, matarka ce ta matse shi." Mutane suna dariya suna cewa tsohuwa ta samu abin yi. Ni a lokacin kunya nake ji. Sai daga baya na gane shaidu kike tarawa.

Akwai abin da ba za ki bar ni in manta ba, don haka bari in faɗa da kaina. Ranar da kika tafi suna Garun Mallam, na dubi kaskon na ga ya yi baƙi ƙirin, zuciyata ta ƙi. Mu a gidanmu an hore mu tukunya sai ta yi ƙyalli ake cewa mace ta iya aiki. Na ce yaya za a yi in sayar wa mutane abinci a kan wannan dauɗa, su da dama suke ƙyanƙyami? Na samu omo da toka da soson ƙarfe, na wuni ina dirza, har ya fito fes. Kika dawo na tare ki da murna. Kika tsaya kika dube shi, kika dube ni, kika yi salati, sannan kika zauna a kan turmi kika yi dariya har da hawaye. Kika ce, "Wayyo ni Kulu. Na yi kwanaki ina ɗinka masa riga, kin tuɓe shi tsirara." Baƙin nan, kika ce, shi ne kaskon. Ƙarfe kowa na da shi. Washegari muka koma gindin darbejiya muka faro daga farko, ba ki ƙara ce mini komai ba, sai dai har kika bar duniya in kin ga sabulu a hannuna sai kin ce a ɓoye kasko.

Daga nan na koyi sauran. Ba a zuba masa ruwan sanyi yana da zafi, sai ya banƙare. In abu ya kama, gishiri ake barbaɗawa a murza da tsumma. In an gama aiki a kankare shi, a shafe shi da mai tun da ɗuminsa, a jingine shi a kan bulo, a rufe da buhu. Kin ce kasko kamar maƙwabci yake, ba ya son a daɗe ba a leƙa shi ba.

Ranar kasuwar Bunkure da muka fara fita, tun da sassafe na kafa murhu. Ƙullun ya kwana ya tashi da kyau, na zuba ludayi guda, na rufe, na buɗe, sama ya yi 'yan ƙofofi, gefe ya yi ja. Na sa cokali, ya taso salin-alin bai kama ba. Kin riga kin baje daddawarki a hagu da ni. Kika miƙo hannu, kika yi bisimilla da ƙarfi yadda har masu awon shinkafa sai da suka waiwayo, kika ci a tsakiyar kasuwa, ke da kowa ya san ba kya wasa da salla ko abin da za ki kai baki. Kika tauna a hankali, kika ce, "Gishiri ya yi yawa." Sannan kika ƙwala wa Malam Sammani kira ya zo ya ɗanɗana ya raba mu gardama. Kafin azahar ƙullu ya ƙare.

Tun daga ranar, na fari naki ne. Kowace kasuwa sai kin ci shi a idon jama'a, kuma kowace kasuwa gishiri ya yi yawa, ko da na manta ban sa ba. Da sinasir ɗin nan Sabina ta gama sakandare, da shi na rufe ɗakina da kwano. Amma ban taɓa yaudarar kaina ba. A raina na san mutane suna ci ne don Inna Kulu ta ci. Nakan dube ki kina tafe kina dogara sanda, gabana ya faɗi, in ce ranar da babu wannan tsohuwa wa zai ci na farin?

Akwai kuma waɗanda ko da kin ci ba su ci ba, cikinsu har da Musbahu, ɗanki na fari, manomin shinkafa mai koyar da yara a Islamiyya. Mutum ne mai kamewa. Zai gaishe ni kansa a ƙasa, ya wuce kaskona kamar bai ga hayaƙi ba. Ban taɓa yi miki zancensa ba, ke ma ba ki taɓa yi mini ba. Dama ke ko sunansa ba kya faɗa, kunyar ɗan fari, sai dai ki ce "wancan" ko "mai babur".

Sai ga watan Mayun 2004, da tashin hankalin da aka yi a Kano. A ƙauyenmu ba wanda ya ɗaga mana yatsa, amma labari yana zuwa daga birni iri-iri, tsoro ya shige mu. Ƙanena Nicholas ya samo mota, ya ce ko tsinke kada in tsaya ɗauka. Na shigo yi miki sallama ina kuka, na ce ban san ko zan dawo ba. Ba ki ce in zauna ba, kin san ba ki da ikon yi mini alkawarin abin da ba a hannunki yake ba. Cewa kika yi, "A kawo mini kaskon nan ɗakina. Damina ce ke tafe."

Na yi damina guda a Zonkwa ina zaman baƙunta a gidan da aka haife ni. Kowa na cewa in haƙura da Kano. Ni kuwa in aka yi ruwa sai in tuna kaskon, in ce yanzu kam ya koma ja kamar yadda Abel ya bar shi, ai tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta iya ɗaga ƙarfen da sai mu biyu muke cicciɓa ba. Da aka fara yankan shinkafa na kasa daurewa, na ce zan je in ga ɗakina ko da sau ɗaya ne. Na shigo gidanki, kika dube ni kamar jiya muka rabu, kika ce, "Kin rame. Je ki ɗauki kayanki, ya tare mini ɗaki." Na ɗaga buhun. Baƙi ƙirin, yana sheƙi, yana ƙanshin man gyaɗa, ko ɗigon tsatsa babu. Ya ma fi yadda na bar shi. Na durƙusa a wurin na yi kukan da ban yi ba tun tafiyata, don na gane akwai inda ake jirana. Na tambaye ki wa ke ɗora miki shi a wuta, kika ce, "Ke dai ba kin samu kaskonki ba? Yawan tambaya na ga ya ƙaru a Zonkwa."

Wannan ne alherin da na so faɗa a gidan makoki na kasa. Kin ba ni sana'a, wannan gaskiya ne, amma abin da ya fi shi ne kin riƙe mini wurina a garin nan lokacin da ni kaina na sake shi.

Da kika rasu, tsoron nan na shekaru ya zo ya zauna mini a ƙirji. Ranar kasuwa ta zo ta wuce ban jiƙa shinkafa ba. Nicholas ya zo gaisuwa daga Kumbotso, ya ce, "Yaya, wadda ta tsaya miki ta tafi. Ki dawo wurinmu tun kafin ki ga wulaƙanci." Kaskon kuwa tun ranar rasuwar na jingine shi a ƙasa ban rufe ba, ga ruwa ana yi kullum. Na gan shi, na kawar da kai.

Ana gobe sadakar bakwai na ji tsayuwar babur a ƙofata. Musbahu ne, da buhun shinkafa a baya da galan na man gyaɗa. Bai taɓa taka gidana ba tun rasuwar Abel. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, muka gaisa, na sake yi masa gaisuwar rashi. Ya ce, "Maman Sabina, mun yi shawara da 'yan uwa, sinasir muke so a yi sadakar Inna da shi. In ba za mu takura miki ba." Kafin in samu bakin magana idonsa ya sauka a kan kaskon. Ya tashi, ya duƙa, ya shafa gefensa da babban yatsa, ya duba. Ya ce, "Damshi ya fara kama shi. Ba a ajiye shi a ƙasa, bulo ake sa masa. Ina tsumman?"

Na tsaya ina kallonsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Damina guda na yi ina ɗora shi a wuta duk Juma'a in na dawo masallaci. Inna na zaune a kan kujera tana yi mini faɗa wai na cika mai. Da farko ba da son raina ba ne, ba zan ɓoye miki ba. Na ce mata mai shi fa ba za ta dawo ba. Ta ce in dai bai yi tsatsa ba za ta dawo." Sannan ya ƙara da cewa, "Da tafiya ta yi tafiya, ni ma na fara duba hanya."

Haba Inna. Shekara uku kina kallona ina ɗauke kai in ya wuce, ba ki faɗa mini ba. Na san dalili, ba za ki iya buɗe baki ki yabi ɗan fari ba ko da za a yanka ki. A zauren nan ni da shi muka murje tsatsar da gishiri, muka ɗora shi a wuta, ya matse tsumman kamar mai rowa, irin matsewarki sak.

Washegari a gindin darbejiyar ƙofar gidanki aka kafa murhu, inda kika hore shi. Maza na zaune a kan tabarmi, malamai a gaba, an yi addu'a an shafa. Na zuba ludayin farko, na rufe, na buɗe, na sa cokali ya taso. Sai hannuna ya juya hagu da kansa, yadda ya saba. Babu kowa a wurin, sai tabarmar da ba a shimfiɗa ba. Na tsaya riƙe da sinasir a faranti, ban san inda zan kai shi ba, ga mutane suna kallo.

Musbahu ya taso daga cikin malamai, ya ratso tabarmi, ya tsuguna a hagu da ni. Ya miƙo hannu biyu ya karɓa. Ya yi bisimilla a bayyane, ya gutsura, ya ci a gaban duk garin. Ya daɗe yana taunawa, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Da Inna ce, da ta ce gishiri ya yi yawa."

Ban iya zuba na biyu ba sai da Mansura ta karɓi ludayin. Ranar ba wanda ya tashi bai ci ba.

Inna Kulu, ban iya addu'a da Larabci ba, amma Allah yana jin Hausa, da ita kuma muka yi zamanmu. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata miki kabari ya sanyaya shi. Yadda kika riƙe wa baƙuwa wurinta har ta dawo, Allah ya sa ki tarar an riƙe miki naki a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Musbahu da iyalinsa, da ƙannensa Yusuf da Mansura, da jikoki, da matan kasuwar Bunkure da suka rasa abokiyar zama, da duk wanda ya taɓa shan faɗanki ya ƙaru. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.

Na aika wa Nicholas cewa ina nan. Shinkafar kasuwa mai zuwa tana cikin ruwa, kaskon yana kan bulo a rufe da buhu, kuma na rage gishirin, Inna.